A Bar Surukata Ta Wuce Ni

Daga: Temirgali Baimuratov,
Direban mota mai lamba 9,
Gida na 18, Titin Masu Niƙa,
Karatomar.

Litinin, 9 ga Fabrairu, 2026.

Zuwa ga: Mai girma Askar Seitkaliuli Daulenov,
Shugaban Ƙungiyar Tseren Motoci ta Tafkin Kumiskol.

Mai girma Shugaba,

GAME DA: ƘORAFI KAN DAKATAR DA DIREBAR MOTA MAI LAMBA 22, TOGJAN BAIMURATOVA, DA KWAMITIN LADABTARWA YA YI RANAR 3 GA FABRAIRU

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan ƙafarku ta yi sauƙi, kun kuma dawo daga jinya kun iske iyali lafiya, ina neman izini in gabatar da ƙorafi a kan wani hukunci da aka yanke ba kwa nan. Ni ne Temirgali Baimuratov, likitan dabbobi mai ritaya, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara share dusar ƙanƙara a kan tafkin nan da taraktar aro tun ƙungiyar ba ta da ko tuta. Ban taɓa damun ofishinku da takarda ba. Yau na rubuto ne saboda wadda aka hukunta matar ɗana Darhan ce, ita kuwa ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta rubuto ba. An hana ta hawa tafkin har ƙarshen kakar bana, alhali ita ce kan gaba a maki, gasar ƙarshe kuma ranar Asabar 21 ga wannan wata ce. Daga ita sai ƙanƙara ta fara laushi, kowa ya mai da motarsa rumfa sai baɗi.

Ga yadda abin ya faru, ga kuma wuraren da nake ganin an kauce.

1. Bara Togjan ta fara tsere, kuma ni na kawo ta. Wata rana guguwar dusa ta rutsa da mu a hanyar dawowa daga ƙauye, idona ya gaji, na ba ta sitiyari don dole. Yadda ta bi da motar a kan santsi, hannu sake kamar tana murza ƙullu, ya sa da muka iso gida na ce wa ɗana, "Kai, ashe direban gidan nan aurowa muka yi." Darhan bai ji haushi ba. Shi ko a kujerar baya jiri ke ɗibarsa, aikinsa ranar tsere riƙon yara da fulas ɗin shayi, kuma yana yin sa tsakani da Allah. Na gyara mata wata tsohuwar mota ƙirar Jiguli, na sa mata tayoyi masu ƙusa, na kawo ta ofishinku da kaina aka ba ta lamba.

Duk kakar bara, in na zo na bakwai ta zo ta takwas, in na zo na goma ta zo ta sha ɗaya. Ba zan ɓoye wa Mai girma ba, da farko abin ya yi mini daɗi, har na riƙa gaya wa tsarana cewa da saurana. Sai da 'yan kallo suka fara kiranmu "Ata da tirelarsa" wato Baba da tirelarsa, na tsaya na lura. In ita kaɗai ce a fili ranar gwaji, babu mai ganin ko fitilar bayanta. Da zarar ta iske ƙeyar motata kuwa, sai ta lafa. Dalilin kun san shi kamar yadda na san shi: matar ɗa ba ta gitta gaban uban mijinta, ba ta yanke masa hanya. Haka kakarta ta rene ta, haka kuma duk muka yaba ranar da aka buɗe fuskarta a gidana ta rusuna wa dangi ɗaya bayan ɗaya. Na yi lallashi, na yi faɗa. Amsarta kullum "To, Ata," Asabar ta zagayo in sake ganin ta cikin madubi.

2. Kwamiti ya san da wannan matsala tun kafin ta yi ɓarna. Alƙalin fili, Bolatbek Nurpeisov, wanda shi ne kuma shugaban kwamitin ladabtarwa, shi da bakinsa ya kawo dabara a farkon kakar bana. Ya ce da ni, "Aksakal, dattijonmu, ita ta tashi a layin gaba, ku ku tashi daga can ƙarshe. Ba za ku haɗu ba sai wajen shan shayi." Na amince. Ranar 17 ga Janairu dabarar ta ci, Togjan ta zo ta ɗaya da rata mai yawa, ni kuma na ƙarasa a natse ba kowa manne da ni.

Ranar 31 ga Janairu sai kwamiti ya kusan ninka yawan zagayen tseren, wai saboda baƙin da suka zo daga babban birnin lardi su ga abin kallo. Mai girma Shugaba, fili mai zagaye ne. Mai gudu ya tashi a gaba, mai lallaɓawa ya tashi a baya, ko jikana ɗan aji uku ya san inda za su haɗu in tafiyar ta yi tsawo. Kwamiti ya yi lissafin fetur, ya yi lissafin baursak, wato fanken baƙi, da naman doki, wannan lissafin ne kaɗai bai yi ba. Babu wanda ya tuntuɓe ni, babu wanda ya tuntuɓe ta.

3. A zagaye na kusa da ƙarshe ta kewayo ta riske ni, a miƙaƙƙen layin da ke gefen bukkokin masunta. Doka ta goma sha huɗu ta ƙungiya ta ce wanda aka ɗaga wa shuɗiyar tuta ya riƙe gefe guda, kada ya yi wandar-wandar, ya fito da hannu ta taga ya nuna ɓangaren da za a wuce shi. Duk na yi. Na riƙe dama har tayata tana gogar tudun dusa, na sauke gilashi, na miƙa hannun hagu ina nuna mata hanya, cikin sanyin da ke daskarar da miyau kafin ya kai ƙasa. Na nuna da yatsa, na nuna da tafin hannu, daga ƙarshe na riƙa kaɗa hannun kamar mai korar tumaki. Ta fito hagu, hancin motarta ya zo daidai ƙofata, har na fara cewa alhamdu lillahi. Sai ta waiwayo muka haɗa ido, ta taka birki.

Jandos Sarsenov, mota mai lamba 5, ya daki bayanta. Ta juya ta shige tudun dusa, shi ya bi ta, likitan haƙorin nan mai koriyar mota ya ƙarasa su uku. Allah ya tsare, babu wanda ya ƙwarzane. Asarar da aka yi fitila ɗaya ce ta Jandos da gilashin idon likita, shi ma daga baya an tsince shi cikin hular kwanonsa.

Na tsaya a gaba kaɗan na fito. Yarinyar nan ta fito ta taga don ƙofarta ta toshe, ta taho cikin dusa har gwiwa, ta dafa gwiwarta ta rusuna mini a gaban baƙi da kowa, ta ce, "Ata, lafiyarku ƙalau? Ba ku tsorata ba dai?" Na ce, "Ke 'yar nan, hannuna ya kusa guntulewa a waje, ba ki gani ba?" Ta ce, "Na gani, Ata. Wallahi na yi niyya. Ƙafata ce ta ƙi." Raina a ɓace yake, amma dariya ta ƙwace mini.

Ban ce taka birki a miƙaƙƙen layi daidai ba ne. Kuskure ne, kuma a kan ƙanƙara kuskure irin wannan yana iya kai mutum asibiti. Abin da nake cewa shi ne ba ganganci ba ne, ba kuma mugunta ba, kuma waɗanda suka kafa tarkon su ne suka zauna suka hukunta wadda ta faɗa.

4. Dokar nan ta goma sha huɗu tana da sakin layi na biyu, wanda da alama kwamiti bai buɗe shafinsa ba. Ya ce mai bin wata mota ya bar tazarar da zai iya tsayawa a kan santsi. Jandos ya yi zagaye da dama manne da bambar Togjan, kusancin da ko takarda ba ta shiga tsakani. Duk garin nan sun san abin da take yi in ta ga lamba 9, shi ma ya sani, domin shi ya ƙirƙiro sunan tirelar. Da aka ciro shi daga dusa, a gaban shaidu ya ce, "Ni tsere na zo yi, ba rakiyar amarya ba!" Aka yi dariya, aka wuce wurin. Ba a kira shi zaman kwamiti ba, ba a tambaye shi komai ba. Ina tunatar da Mai girma, cikin ladabi, cewa shi ne na biyu a maki, kuma in Togjan ba ta hau tafki ranar 21 ba, kofin nasa ne ko da baya-baya ya tuƙa. Ba na zarginsa da ƙulla komai. Yaron kirki ne, ni na yi wa shanun ubansa allura shekara da shekaru. Amma ƙafarsa ta fi hankalinsa sauri.

5. A takardar hukuncin an rubuta laifi na biyu, wai ta "ƙi ba kwamiti haɗin kai." Wannan shi ne ya fi ƙona mini rai. Abin da ya faru, kamar yadda ɗana da ya raka ta ya shaida mini, shi ne sakataren kwamiti ya tambaye ta wane ne ke gabanta lokacin da ta taka birki. Ta ce, "Ata ne." Ya ce ba a rubuta Ata a takardar hukuma, ta faɗi cikakken suna. Ta ce, "Mota mai lamba tara." Ya ce suna ya tambaya. Ta sunkuyar da kai ta ƙi kama sunan. Darhan ya ce, "Haba aga, babban yaya, ga ni nan, bari in faɗa mata," sakatare ya ce ba shi ake tuhuma ba.

Mai girma Shugaba, yarinyar da ta shekara takwas a gidana ba ta taɓa kama sunana ba, ko na ƙannena, har karen gidan da ƙaramin jikana ya raɗa wa sunan ƙanena sai da ta sake masa wani, ita ce za ta kama shi a gaban maza uku don a cika layin takarda? Sakataren nan matarsa ba ta kama sunan ubansa. Bolatbek kuwa ya ci kan rago a bikin yarinyar. Sunana yana rubuce a jikin ƙofar motata da farin fenti, yana kuma cikin rajistarku tun kafin a yaye sakataren.

6. Ni da abin ya faru a gefen ƙofata, ba a saurare ni ba. Na je zaman, na sa kwat ɗina da lambar yabo ta ƙungiya. Bolatbek ya tare ni hannu biyu ya ce, "Aksakal, ina mu ina wahalar da ku? Ku zauna nan kusa da murhu, yanzu za mu gama." Aka kawo mini shayi da madara, aka sake kawowa, aka rufe ƙofa. An girmama ni har an hana ni magana.

Da suka gama suka fito, muka nufi ƙofar fita tare. Ina roƙon Mai girma ya kula da wannan wuri. 'Yan kwamitin nan uku, da takardar hukunci a hannu tawadarta ba ta bushe ba, suka ja suka tsaya a bakin ƙofa, kowa hannu a ƙirji, "Ku fara wucewa, aksakal." Na ce su wuce, ina ɗaure igiyar takalmi. Suka ƙi. Na daɗe ina ɗaurin nan da gangan, sanyi yana kwararowa ciki, babu wanda ya motsa ko gezau. Har sakataren ya tsaya wa na bayansa cak, na bayan ya buge shi da goshi. Abin da suka hukunta Togjan a kansa ke nan su ma suka yi, shi nake faɗa yanzu.

7. Daren da aka yanke hukuncin Togjan ta ba mijinta makullin Jigulin ta ce ya nemi mai saye. Da na sa aka tambaye ta dalili, ta aiko cewa, "Ata sun riga ni hawa tafkin nan tun ba a haife ni ba. In ɗaya zai sauka, ni ce." Na ji wasu a ƙungiya suna raɗe-raɗin cewa ni ya kamata in ajiye tuƙi kowa ya huta. Na yi wannan tunanin kafin su. Amma in na sauka haka kawai, za ta ɗauka ita ta kori surukinta daga kan ƙanƙara, ba za ta ƙara taɓa sitiyari ba, ƙungiya ta yi asarar mu biyu. Abin ya dame ni ƙwarai, abinci ma na daina jin daɗinsa.

Jiya Lahadi, 8 ga wata, na tara iyali na kai maganar gaban mahaifiyata, Kulash-apa, wadda ta haura casa'in, kuma ita ce ta fi kowa a dangi tsare irin waɗannan al'adu. Ba ta taɓa zuwa tafkin ba, ta ɗauka kamun kifi muke yi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce da ni, "To kai in ka hau motar, ina kake zuwa?" Na ce, "Ba ko'ina, apa, zagaye muke yi." Ta ce, "Ka dawo inda ka tashi?" Na ce e. Ta ajiye kofinta ta ce, "To wace hanya ce gare ka da za a yanke? Matafiyi ake jin tsoron gitta wa, kada a datse masa sa'ar tafiya. Kai kuwa tsohon banza kana ta kewaya wuri ɗaya kamar maraƙi a turke. Kelin, matar jikana, ki wuce shi, alhakin a wuyana." Ta buɗe tafin hannu ta sa mata albarka, duk muka shafa. Jikokina har yanzu maraƙi suke kirana in na juya baya, na kuma haƙura.

Tunda hukuncin kwamiti ya hana ta taka tafki, a tsakar gida muka gwada, a ƙafa, muna kewaya rumbun ciyawa. Karon farko ta zo daidai kafaɗata ta tsaya. Karo na biyu Kulash-apa ta buga sandarta a gilashin taga ta daka tsawa, "Wuce mana!" Ta wuce, ta rufe fuska da gyale, ta ruga ɗaki tana dariya. Maƙwabta sun kalla ta kan shinge, suna iya ba da shaida in an buƙata.

8. Na san Mai girma zai ce kewaya rumbu daban, tseren mota daban, kuma rayukan direbobi amana ce a hannunsa. Gaskiya ne. Ba zan rantse a kan ƙafar wani ba. Saboda haka na ɗauki wannan alkawari, kuma ina so a rubuta shi a ajiye: ranar 21 ga wata, in ta riske ni, aka ɗaga mini tuta, na ba da hannu, ba ta wuce ba, a wannan zagayen zan fita daga fili, in cire lamba 9 daga ƙofata in miƙa muku, ba kuma zan sake tuƙi a kan tafkin nan ba har abada. Ba da wasa na faɗa ba. Tun rasuwar matata, Asabar ɗin hunturu su ne ranakun da nake tashi da ɗoki, kuma rubuta wannan sakin layi ya yi mini wuya.

Na faɗa wa Togjan wannan alkawari da safen nan, a gaban mijinta. Na ce, "Kelin, yanzu zamana a kan tafkin nan yana ƙarƙashin ƙafarki. In kin taka birki, kin sauke ni. In kina jin kunyata da gaske, totur za ki taka." Ta ɗauki butar shayi. Idonta ya ciko, sannan ta zuba mini, ta miƙo hannu biyu, ta ce, "To Ata, ku riƙe dama sosai. Ku kuma mai da hannun ciki da wuri, kada iskata ta tafi da safar hannunku."

Bisa ga waɗannan dalilai, ina roƙon Mai girma Shugaba da ya yi amfani da ikon da tsarin ƙungiya ya ba shi:

Na ɗaya, ya janye dakatarwar da aka yi wa direbar mota mai lamba 22 kafin ranar 21 ga Fabrairu, a mai da ita gargaɗi a rubuce, wanda na yarda ta cancanta.

Na biyu, a goge maganar ƙin ba da haɗin kai daga takardarta, a kuma umarci sakatare ya riƙa karɓar lambar mota a madadin suna a irin wannan hali.

Na uku, a kira Jandos Sarsenov a karanta masa sakin layi na biyu a hankali, sau biyu in da hali. Ba na neman a hukunta shi. Na fi so ya kasance a fili ranar, a bayanta, da tazara.

Na huɗu, nan gaba kafin kwamiti ya ƙara tsawon tsere, ya duba wa ke surukuta da wa. Na ji labarin likitan haƙori zai kawo mijin 'yarsa baɗi.

Na biyar, a bar ni in tashi daga layin ƙarshe kamar yadda aka saba, a kuma bar yawan zagayen yadda kwamiti ya ƙara shi, kada a rage ko ɗaya. Rabin rayuwata na yi a kan tafkin nan ina toshe kwana don kada a wuce ni, wasu ma har yau ba su yafe mini ba. Wannan karon ina so a riske ni, ina so in ga bayan motar nan tana nisa da ni, gaban duk garin.

Ina neman afuwa kan tsawon takardar da kuma duk inda harshena ya yi kaifi. Allah ya ƙara wa Mai girma lafiya, ya sa ƙanƙara ta riƙe mu duka har ƙarshen kaka.

Naku cikin girmamawa da biyayya,

Temirgali Baimuratov,
Mota mai lamba 9.

Kwafi zuwa ga: Bolatbek Nurpeisov, alƙalin fili, da Kulash-apa, wadda ta ce a karanta mata amsarku da ƙarfi.